Daren da Baba Ya Tsayar da Haske Bisa Gonar Maiwa

Shekaruna saba'in da huɗu a duniya, kuma abin da zan ba da labari ya auku ina ɗan shekara tara, a ƙauyenmu da ke gefen Lahodu, cikin ƙarshen damina, lokacin da maiwa ta yi tsawon da mahayin doki kan ɓace a cikinta. Ran nan bayan la'asar anka aiki ƙanena Ummaru, yaro ɗan shekara biyar, ya koro akuyar da ta tsinke igiya. Magariba ta yi, akuya ta komo gida ita kaɗai.

Wanda bai taɓa shiga maiwa da dare ba ba shi sanin yadda take ruɗa kunne. Maza sunka bazu suna kiran sunansa, mukan ji kukansa can nesa, sai a nufi gabas ya fito daga yamma. Shi kuma duk muryar da ya bi sai ta ƙara nutsa shi, ga shi bayan gonakin akwai kwari cike da ruwa, wanda ya fi ƙarfin yaro. Babu wata a sama. Mahaifiyarmu ta zauna bakin rumbu, ta kasa ko kuka.

Mahaifinmu na da tocila guda da ya sayo a kasuwar Goronyo, ita kaɗai ce a unguwar. A ƙarƙashin matashinsa take kwana, ba a kunna ta sai don kunama ko haihuwa, domin duwatsunta, wato batir, sai an yi tafiyar yini ake samunsu. Daren nan ya hana kowa kira, ya hau bisa rumbu ya ɗaga ta sama, don yaron ya ga inda gida yake. Amma iska ta wanku da ruwan sama, hasken ya tashi ba a ganin sawunsa. Sai Inna Jabu, Bafillatanar da ke kawo mana nono, wadda dare ya riske ta gidanmu, ta ce, "Malam, mi kake haskawa, taurari? Ku ba shi hayaƙi shi hau."

Anka hura wuta gindin rumbu, ni da yayata Hauwa munka riƙa zuba ɗanyar harawa da jiƙaƙƙen ƙaiƙayi. Da hayaƙi ya murtuke ya ratsa gaban tocilar, sai ga ginshiƙi fari ya miƙe daga hannun Baba har inda ido ya gaza, hayaƙi na juyawa a cikinsa sannu a hankali. Tsofaffi sunka shiga salati. Ni kuwa na manta da harawar da ke hannuna, sai da Hauwa ta dungure ni. Hannun Baba ya gaji ya sauya, hasken ya soma ja, duwatsu na mutuwa, sa'an nan munka ji karan maiwa na motsi. Ummaru ya fito, ƙafafunsa duk ƙaya, kansa a ɗage, bai dubi kowa ba sai sama.

Bara jikana Nasiru, mai ɗaukar hoton biki a Sakkwato, ya ce zai maido mini da daren. Ya kafa na'urarsa bisa ƙafa uku, ya tada hayaƙi, ya ɗauki hasken daban, taurari daban, maiwa daban, har da ɗan maƙwabci da ya ɗauka da rana, ya haɗa su wuri guda cikin kwamfuta. Na daɗe ina duban hoton, na jinjina wa hikimar da Allah Ya ba 'yan zamani. Haskensa ya fi namu miƙewa, ba shi rawa, domin ƙarfe ke riƙe da shi. Namu kuwa rawa yake yi, don hannun uba ne.

Baba da Inna Jabu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Amma Hauwa na nan da ranta a Rabah, Ummaru kuma na sayar da albasa a Goronyo, furfura ta cika masa gemu. Su biyun sun gani da idonsu.