Hoton da Inna Ta Yi Mini Alkawari

Ranar wata Asabar a watan Zulƙida, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, na dawo daga ɗebo ruwa a famfon layinmu na tarar Umma ta fito da katifata tsakar gida, ta durƙusa a kanta da wuƙar yanka albasa. Kafin in sauke bokiti har ta zabtare ta wajen ƙafa. Na ƙwalla ihu. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Kai da tsawonka bai wuce na muciya ba, me za ka yi da sauran?" Ashe soson za a yi wa kyamarar Baba jaka da shi, domin shi da mahaifiyarsa, Inna, za su hau jirgi zuwa aikin Hajji.

A lokacin muna haya ne a wani gida a Tarauni, shi kuma Baba yana da ɗan shagon ɗaukar hoto a bakin titi a Gyaɗi-Gyaɗi. Kyamarar nan ita ce gonarmu, haka Umma take cewa, kuma duk ƙiriniyarmu, ko ƙwallo muke bugawa a soro, in aka ce ga Baba nan da ita a wuya sai kowa ya nutsu. Amare, masu suna, 'yan makaranta, direbobi masu neman lasin, babu wanda bai zauna a gabanta ba, sai mutum ɗaya. Inna ba ta yarda a ɗauke ta. Da ta ga ya ɗago abin sai ta ja mayafi ta rufe fuska, tana cewa, "Ranar da na tafi ku tuna ni da addu'a, ba da takarda ba." Na fasfo ma dole ce ta sa aka ɗauke ta a can ƙaramar hukumarsu, ya bi takardunta, mu ko ganinsa ba mu yi ba. Ni ne abokin tsokanarta, kamar yadda jika yake da kaka. "Miji marar cefane" take kirana, ni kuma in ce na sake ta tunda ko hoto ta hana ni. Ana gobe za su shiga sansanin alhazai, muna ɓare mata gyaɗa a kan tabarma, sai ta dube ni ta ce in Allah ya kai ta Madina za ta zauna ubana ya ɗauke ta, ta kawo mini in ajiye. Na riƙe maganar nan da hannu biyu.

Maƙwabciyarmu Maman Ngozi, tela ce, ita ta ɗinka jakar da ragowar yadin kaki, soso ciki da bai, da ɗan ɗaki daban na gilashin gaban kyamarar. Baba bai yarda da ɗinki haka kawai ba. Ya sa ɗanyen ƙwai a ciki, ya zuge, ya hau kan turmi ya saki jakar ƙasa, muna tsaye ba mai numfashi. Ƙwan ya fito lafiya, Maman Ngozi ta yi ta tafa hannu tana cewa ai ta gaya masa. Daga nan ya kwance gilashin ya cusa shi cikin safa, ya cire batir, ya ce ko za a mutu jakar nan ba za ta shiga cikin manyan kaya ba, don ya ji yadda ake jifa da su a cikin jirgi. A cinyarsa za ta je, a cinyarsa za ta dawo.

Bayan Arfa da 'yan kwanaki aka kira wayar mijin Maman Ngozi, wadda duk layin ita muke ara. Zazzaɓi ne ya kama Inna, ta rasu a Makka, a can aka binne ta. Mutane suka cika gidan suna cewa ta dace, irin mutuwar da kowa ke roƙo ke nan. Ni ban ga dacen ba a lokacin, wallahi, kuka kawai nake yi har na shiɗe. Abin da ya tsayar da ni shi ne da Umma ta jawo ni jikinta ta ce Baba ya faɗa a waya cewa Inna ta cika alkawari, ya ɗauke ta a masaukinsu na Madina. Tun daga ranar ba dabino nake jira ba, ba zobe ba. Ko a makaranta ana langa, ni hankalina yana kan jirgin da zai kawo mini fuskarta.

Baba ya dawo a rame, jakar kaki a wuyansa, kyamara ko ƙwarzane babu. Sai da 'yan gaisuwa suka ragu ya buɗe babbar jakar Inna, ya tona tsakiyar zannuwanta, ya fito da gwangwanin madara, fim ɗin kyamarar da ya ɗauki hoton Inna a kansa yana ciki. Ya bayyana wa Umma dabararsa. Tun a Kano ya ji abokan sana'a na cewa na'urar da ke leƙa kayan hannu a ƙofar shiga jirgi tana ƙona fim, shi ya sa ya raba shi da kyamara, ya ɓoye shi a cikin manyan kaya inda ya ɗauka babu abin da zai taɓa shi. Washegari ya riƙe hannuna muka tafi inda ake wanke hoto mai kala. Bayan an wanke, mai wankin ya ɗaga fim ɗin sama, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambayi Baba a wace jaka ya sa shi. Da ya ji amsa sai ya girgiza kai, ya ce ai manyan kaya ma ta cikin na'ura suke bi, a can ciki inda fasinja ba ya gani, kuma tasu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Da ma a hannu ya riƙe, ya roƙi ma'aikata su duba da ido.

Duk da haka Baba ya ce a buga. Abin da ya fito kamar an ɗauka ta cikin hayaƙin murhu. Ana ganin mutum a zaune cikin fararen kaya, hannu a kan gwiwa, amma wani farin zane ya ratsa daidai inda fuskar take. Baba ya ce, "Allah bai nufa ba." A hanyar komawa gida, muna tafe a ƙasa, ya ba ni labarin yadda Inna ta zauna ta gyara mayafi da kanta, ta yi dariya, ta ce ya gaya wa wancan mijin nata ya daina ƙorafi. Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai a bakin titin nan. Bai daina sana'ar ba, da ita ya ƙarasa rainonmu, amma bai ƙara yi wa kowa bayanin dabara ba.

Yanzu ni ma da kyamara nake ci, nakan hau jirgi in je aiki Legas ko Abuja, kuma kafin in bar wuri hotunan sun riga ni isa gida ta waya. 'Ya'yana kuwa har sun gaji da a ɗauke su. Kwanaki 'yata ta fari, wadda na sa wa sunan Inna, ta tambaye ni da wa mai sunanta take kama. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tarar muryar Inna ce kawai ta rage mini, da dariyarta. Ashe fuska ma tafiya take yi, a hankali, ba sallama.