Kwatar Lungunmu

Shekarar da aka mayar da tsara ayyuka daga ƙaramar hukuma zuwa hannun jiha, kwatar lungunmu a Madabo ta toshe. Da can kansila kan zo zaure ya zauna da dattawa a yanke shawara. Wannan karon da mahaifina ya same shi, sai kansilan ya ce, "Baba, yanzu ko mu ba a tambayarmu."

Mahaifina ya je ofishin jiha, aka ce lungunmu ba ya cikin tsarin bana. Da damina ta kankama, ruwa ya ci gindin katangar maƙwabciyarmu, tsohuwa mai ɗinkin hula. Katangar ta faɗo mata tana sallar la'asar, ta rasu. Mahaifina bai sake zuwa taron unguwa ba.