Ranar da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Tashi

Bayan Baba ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, yayana ya kawo masa wata tsohuwar kwamfuta irin ta kan tebur, akwatinta baƙi, allonta daban. Muka girke ta a ɗakin Baba a gidanmu na Fagge, jikin taga. Da yatsa biyu yake buga ta bayan karin kumallo, yana rubuta abin da ya tuna na tashoshin da ya yi aiki: wacce ce rijiyarta ta fi daɗin ruwa, a ina aka taɓa tsayar da jirgi saboda raƙumi ya kwanta a kan layi.

Da damina ta sauka ya tafi Kaduna wajen ƙanwarsa, ya yi wata biyu. Washegarin dawowarsa ya ƙwala mini kira.

"Zo ki ga ikon Allah. Ta ƙi tashi."

Ni tela ce, keken ɗinki kawai na sani, amma tun ina ƙarama ba na iya ganin abu ya lalace ban leƙa ba. Na danna maɓallin. Wata ƙaramar fitila koriya ta kama, aka ji ƙus daga ciki, sai ta mutu. Na sake, haka dai. Na cire ta daga soket na jona dutsen guga, ya yi zafi, ashe ba matsalar wuta ba ce. Da na duba wayar da ke bayanta sai na ga bakinta iri ɗaya ne da na butar lantarkinmu. Na ɗauko ta buta na saka. Fitilar ta kama, ƙus, ta mutu.

Wannan ƙus ɗin ne ya tsaya mini a rai. Abin da ya mutu murus ai ba ya motsi. Wannan kuwa kamar tana so ta tashi ne wani ya riƙe mata ƙafa.

Maƙwabciyarmu mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa ce ta yi mana kwatancen wata mai gyara a Sabon Gari. Muka ɗauki akwatin kaɗai muka hau adaidaita sahu. Baba ya rungume shi a cinya, duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "A hankali, malam direba, littafi ne a ciki."

Mai gyaran dattijuwa ce 'yar wajen Zariya, da gilashi rataye a wuya da ƙaramin gicciye. Ta ce mana ta daɗe tana koyar da kimiyya a sakandare kafin ta buɗe shagon. Daga nan Baba ya koma kiranta Malama. Ba ta taɓa akwatin ba sai da ta gama yi mana tambayoyi kamar a asibiti. Yaushe rabon da a kunna ta? Ta faɗi? An ji ƙauri? A ina take zaune a ɗakin?

"Jikin taga," in ji Baba.

"Tagar a buɗe take kwana?"

"Gilashi ɗaya ya fashe, ba mu gyara ba."

Ta yi murmushi. Na gaya mata abin da na gwada, har da wayar buta. Ta sa gilashinta ta dube ni da kyau, sannan ta miƙo mini sukundireba.

"To ƙanwata, ke kika fara, ke za ki ƙarasa. Buɗe."

Na karɓa na kwance murfin. Ban taɓa ganin cikin kwamfuta ba. Na zaci zan tarar da cinkoso, sai na ga fili, da wani faranti kore mai layuka kamar taswirar unguwa. Malama ta nuna mini wata fanka a tsakiya ta ce in juya ta da yatsa. Ta ƙi juyawa. Na haska da fitilar waya, sai ga dunƙulen jar laka kamar ƙaramin tulu, manne tsakanin fikafikan.

"Zanzaro!" in ji Baba. "Gida ya gina mini a ciki?"

Malama ta ce wannan kwamfutar in ta ga fankarta ba ta juyawa, kashe kanta take yi don kada zafi ya ƙona ta. Ƙus ɗin da nake ji fankar ce take yunƙuri.

Ta ɓamɓare lakar a hankali ta ɗora kan takarda. Mu uku muka sunkuya a kai, muka ma manta da abin da ya kawo mu. Ta fasa ɗaki ɗaya da tsinke, sai ga ƙananan gizo-gizo a cushe. Ta ce uwar ce ta tara wa ɗanta abinci kafin ta toshe ƙofa. Baba ya yi ta tasbihi yana tambayar ta ina uwar ta bi da laka har ciki. Muka juya akwatin muka samu wata kafa a baya, yatsa ba ya ma shiga.

Aka jona wuta, aka haɗa ta da allon shagon. Fanka ta juya, na fara murna, sai kwamfutar ta hau kuka, ɗit ɗit ɗit, allo kuma baƙi ƙirin. Na ɗauka ni na ɓata wani abu.

"Kwantar da hankalinki," in ji Malama. "Yanzu ai magana take yi. Girgizar hanya ce ta sassauta wani abu."

Ta kashe, ta sa na zaro wani siririn falle mai haƙora ruwan zinare. Ta ce sunansa ram, a nan kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai. Ta ba ni robar goge fensir na goge haƙoran, na mayar na danna har ya ce ƙas. Da muka kunna, allon shagon ya yi haske, ga rubutun Baba yadda ya bar shi.

Baba ya ja kujera ya zauna, wai yana dubawa ko wani abu ya ɓace. Malama ta leƙa ta kafaɗarsa, ta ga sunan wata ƙaramar tasha kusa da garinsu. Ta ce a nan mahaifiyarta ta sayar da dafaffiyar gyaɗa shekara da shekaru. Baba ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya ce ta faɗa masa kamanninta. Ni kuma na ci gaba da ɗaure murfin, ina sauraronsu, har aka kira azahar.