Rabin Askin Baffa

Yayana mai aski ne, kuma duk wanda ya kira shi mahaukaci a gabana sai mun kwashi 'yan kallo. Ya yi ciwon, ban musa ba. Shekaru yana jin muryoyin da ba mai jin su sai shi, shago a rufe, gizo-gizo ya yi saƙa a madubi. An gwada magunguna iri-iri, babu wanda ya karɓe shi sai na ƙarshe. Muryoyin suka yi shiru, ya buɗe shago, mutane suka fara miƙa masa kai a ɗarare.

Sai dai maganin da sharaɗinsa ya zo. Likita ta ce yakan rage fararen ƙwayoyin jini, masu tare wa jiki cuta, don haka kullum ana cikin ɗibar jininsa ana dubawa. Gwajin baya ya nuna sun ɗan sauka. Ta ce ya guji masu tari da mura. Mai aski fa! Mutumin da ke wuni hanci da hanci da jama'a.

Ran nan Baffa, wan mahaifinmu, ya hau kujera. An aske gefe guda ke nan tari ya turnuƙe shi, wuyansa zafi zau. Yaya ya kashe inji.

"Baffa, sai ka warke mu ƙarasa."

"Haka zan fita, da rabin kai?"

"Hula za ta rufe."

Baffa ya iso gidanmu yana huci, ya tuɓe hula a gaban kowa. "Ku duba! Ciwon yaron nan ya tashi." Nan take aka shiga maganar rufe shago da ɓoye reza, har da mai tambayar igiya. Raina ya yi mummunan ɓaci. Mutum ya kare lafiyarsa, shi ne hauka?

Yaya ya shigo ya same su. Bai ɗaga murya ba, don ya san ita ake jira.

"Baffa, masu gadin jinina sun yi kaɗan. In tarinka ya kama ni, ba ni da abin yaƙarsa. In kuma na ajiye maganin, na koma ɗakin can ina hira da bango. Magani ba zan bari ba, shago ba zan rufe ba. Mai tari ne zai haƙura."

"Ni kake faɗa wa haka? Uba nake a gare ka."

"Na sani, Allah ya huci zuciyarka. Amma na sha wahala kafin in samu hankalin nan, ba zan ba da shi don kunya ba."

Washegari ya buɗe shago, aka ƙaurace masa, ya zauna yana goge almakashi. Baffa kuwa ya rantse ba wani mai askin da zai ga wannan abin kunya, ya yi ta fama da hula har tarin ya sake shi. Sannan ya zo, ya tsaya a bakin ƙofar shagon, ya sunkuyar da kai.

"To, taɓa wuyan ka ji. In shigo?"