Inna Kulu da Kurarta Mai Ruwan Hoda

Da safen nan, ina cikin ɗaura ɗankwali zan fita aiki, ɗanta ya kira ni daga Sabon Birni. Inna Kulu ta rasu. Ta idar da sallar asuba, ta ce kanta na sara, ta ɗan kishingiɗa, shi ke nan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na daɗe zaune bakin gado da waya a hannu. Ban je aikin ba. Gobe in Allah ya kai mu za ni gaisuwa, amma kafin nan zuciyata ta ƙi kwanciya sai na gaya muku ko wace ce ita.

Da yawanku ba ku san ta ba. Mai shara ce a ƙaramin asibitin da na fara aiki kusa da garin Isa, lokacin ina sabuwar ma'aikaciyar lafiya, ina ji da farin kaya da kwalin makaranta. Ta haife ni a shekaru, amma Likita take kira na, alhali ta san sarai ni ba likita ba ce.

Waɗanda suka yi aiki da ni sun san halina, ba sai na ɓoye ba. Ina da saurin fushi. In na fara faɗa har masu shayi na bakin ƙofa suna ji. Ita kaɗai ce ba ta tsorona. Sai ta bari na kai tsakiya, ta miƙo mini kofi ta ce, "Likita, sha ruwa tukuna, hwaɗan ba ya gudu."

In na sa wata uwa kuka, ita ke bin ta waje ta lallashe ta. Na taɓa jin ta tana ce wa wata, "Ƙyale ta, bakinta ɗai ad da zahi, cikinta ba komi."

Da na haifi ɗan farina, ita ta fara zuwa barka, da hula da safa da ta saƙa da hannunta. Saƙar kwarashi ce sana'arta ta gefe. Kullum akwai ƙullin zaren ulu a gefen zanenta, da ta aje tsintsiya sai ta ɗauki kwarashi.

Sai shekarun farin nan suka zo, damina biyu a jere. Ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai, gonaki suka bushe a tsaye. Mata suka koma dafa ganye ba tare da komai ba. Shanu kuwa sai dai ka gan su kwance gefen hanya sun kasa tashi.

Asibitinmu ya cika da yara masu tamowa. Gado ya ƙare, muka shimfiɗa tabarmi a baranda har zuwa gindin bishiyar dogon yaro.

Akwai abin da mutane ba su sani ba game da yunwa. Ana zaton yaron da ya daɗe bai ci ba zai wawuri abinci in ya gani. Ba haka ba ne. In abin ya yi nisa, sha'awar cin ma mutuwa take. Ga madarar magani a kofi, ga uwa na roƙo, yaro ya kau da kai. Wannan ne ya fi komai karya mini zuciya a aikin nan.

Ana cikin haka wata rana na ji dariya daga baranda da tsakar rana. Na manta rabon da in ji dariya a wurin.

Na leƙo. Inna Kulu ce zaune kan tabarma, ta zura hannunta cikin wata 'yar tsana da ta saƙa, irin wadda ake sa yatsu a motsa mata baki. Wai kura ce.

Jama'a, ban taɓa ganin kura irin wannan ba. Da ragowar zaren hulunan jarirai ta haɗa ta, saboda haka jikin ruwan hoda ne, ɗigon jikin kore, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Idanun maɓallan riga ne, su ma ba iri ɗaya ba. Na ce a raina wannan ai ta fi kama da akuyar da ta sha rini.

Tana buɗe bakin kurar tana rufewa, ta shaƙe murya tana ba yara tatsuniya.

Wata tsohuwa da ke jinyar jikanta ta tashi zaune, ranta a ɓace. Ta ce, "Ke Kulu, gatana da rana tsaka? So kike ki ɓace cikin kasuwa? Mu tun muna yara anka hana mu."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan. Ba a tatsuniya da rana, an ce mai yi ɓacewa yake. Sauran matan ma suka fara janye 'ya'yansu.

Inna Kulu ko a jikinta. Ta ɗaga kurar sama ta ce, "Iya, dube ni da kyau, ba ni ka gatana ba, wagga ta ka yi. In ɓacewa ta, ita ka ɓacewa. To wa ka kuka don kura ta ɓace?"

Baranda ta kwashe da dariya, har tsohuwar sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Aka maido da yara.

Ni fa? Ni na fito na ɓata komai.

Na ga yara masu gudawa suna taɓa abu ɗaya, wannan ya kama, wancan ya sa a baki. Na hau faɗa. Na ce asibiti ne nan ba dandali ba, shara aka ɗauke ta yi ba wasa ba. Na ƙwace kurar a gaban kowa na kulle a loka.

Ta bari sai da na juya. Sannan ta ce, "To Likita, ki dai riƙa ba ta ruwa, ba ta jure ƙishi."

Kwana biyu bayan haka aka kawo Jumma. 'Yar makiyaya ce daga wajen garin Kurawa, ba ta wuce shekara huɗu ba. Uwarta ta sauke ta daga baya, na ɗora ta a sikeli, na sake dubawa don ban yarda da idona ba. Ba ta kuka, ba ta magana, ƙuda ma in ya sauka a fuskarta ba ta kora.

Mun yi duk abin da muka iya. Na lallasa, na yi tsawa, na sa uwar ta sha a gabanta. Ta datse haƙora. Ɗan abin da muka ɗura mata ta dawo da shi.

A rana ta uku na rubuta takardar tura su Sakkwato. Uban, dogon mutum mai sanda a kafaɗa, ya karɓi takardar ya juya ta, ya maido mini. Ya ce shanunsa sun ƙare a daji yana kallo, ba zai kai 'yarsa birni ta ƙare a hannun baƙi ba. In kwananta ya ƙare, gara a ruga, kusa da danginta. Har ya yi magana da ɗan kabu-kabu, bayan la'asar zai zo ya ɗauke su.

Na san in yarinyar nan ta hau babur ɗin ba za ta yi kwana uku ba. Na yi faɗan da na saba, bai ko ɗaga kai ba. Na koma ofis na kifa kai a tebur.

Sai na ji an tsaya a kaina. Inna Kulu ce, ta miƙo tafin hannu.

"Likita, belin kura niz zo."

Na jefa mata makullin lokar.

Na bi ta a baya ina kallo daga bakin ƙofa. Ba ta nufi Jumma ba sam. Ta zauna ɗan nesa, ta ba ta gefe, ta tara sauran yaran. Kura ta buɗe baki ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara suka amsa.

Labarin a nan take ta ƙirƙire shi. Wai daji ya bushe, kura ta rasa abin ci, ta shigo gari tana bi gida gida tana neman yaron da ya bar abincinsa. Ta shinshina kofin wannan, ta tarar ba komai, ta yi kukan takaici. Ta shinshina na wancan, ya ɓoye a bayansa yana dariya. A hankali a hankali hancin kurar ya juya wajen kofin Jumma, wanda yake cike a gaban uwarta tun safe.

Na ga idon yarinyar ya motsa.

Kura ta matso, ta sa baki a gefen kofin tana lasar leɓe. Sai muka ji wata 'yar murya kamar ta sauro ta ce, "Fowru." Sunan kura ke nan da Fillanci.

Jumma ta ɗaga hannun nan da ba shi da nama, ta kai wa kurar mari.

Ɗiyar makiyaya ce fa. Tun tana goye take jin yadda kura ke ɗauke musu 'yan maruƙa, ba ta da abokiyar gaba kamarta.

Kura ta faɗi ƙasa tana ihu, ta tashi ta sake lallaɓowa. Jumma ta jawo kofin da hannu biyu ta manna a ƙirji. Kura ta ce da shaƙaƙƙiyar murya, "In ba ki sha, ni ka sha!"

Jumma ta kafa kai ta kurɓa. Ta harari kura, ta sake kurɓa. Ta ƙara na uku.

Uwar ta toshe baki da zane. Ni kuma na juya na fuskanci bango, don ban so a ga Likita mai faɗa tana hawaye.

Da ɗan kabu-kabun ya zo, uban ya fita ya sallame shi.

Sun yi makonni a wurinmu kafin Jumma ta tsaya da ƙafarta. Daga ranar kura ta zama ma'aikaciya, kullum sai ta yi zagayen baranda lokacin ba da madara. Ni dai don kada girmana ya faɗi na kafa doka, a riƙa wanke ta da ruwan zafi da sabulu safe da yamma. Har ta tsuke, da ƙyar hannun Inna ke shiga.

Ba kowane yaro ya tashi ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma da yawa sun ci abinci saboda kurar nan.

Na roƙi Inna gafara daga baya. Ta ce ita ba ta tuna na yi mata komai ba, in dai roƙo ne in je in roƙi kura. Ta yi ƙoƙarin koya mini saƙa har sau uku, ta haƙura, ta ce yatsuna na allura ne kawai.

Ganina da ita na ƙarshe bayan ƙaramar sallah ne, a gidan ɗanta. Kun san yadda hanya ta zama yanzu, ba kullum ake iya zuwa ba. Na same ta ido ya yi rauni, amma kwarashi na hannu, da laluben yatsu take saƙa wa jikoki.

Mun sha hira. Da na tashi tafiya ta riƙe mini hannu ta ce, "Likita, ɗiyan nan ta Hillani, ko kin taɓa jin labarinta?"

Na ce tun da suka tashi daga wajen Kurawa ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Ta ce, "Kullum ina sa ta addu'a. Amma ban san ko cikin masu rai za ni sa ta ba, ko cikin mamata."

Maganar ta tsaya mini a rai har na iso gida.

Watan jiya mun je aikin rigakafi Bafarawa ranar kasuwa. Ina wucewa ta layin masu nono sai na ji an ƙwala kira, "Likita mai hwaɗa!" Na juyo a fusace, kun san ni. Wata dattijuwa ce ke dariya tana tafa hannu. Uwar Jumma ce, shekara goma sha biyar ba su sa ta manta da muryata ba.

Ta jawo wata doguwar matashiya daga bayan ƙwarya, da jariri goye a bayanta. Ta ce ga ta.

Na zauna kan wani buhu. Jumma ta ce ba ta tuna asibitin ba, ba ta tuna ni ba. Abu ɗaya take tunawa, kura mai ruwan hoda. Ta ce tana ƙarama in ta faɗa sai a yi mata dariya a ruga, har ta ɗauka mafarki ta yi.

Nan take na kira wayar ɗan Inna, na ce ya kai mata, ya gaya mata ga Jumma a gabana. Na sa a kunnen Jumma, na matso ina ji.

Inna ba ta yi sallama ba. Shaƙaƙƙiyar muryar nan kawai muka ji ta ce, "Ke! Kin ci abinci yau?"

Jumma ta daskare. Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Na ci! Ba ki samu!"

Da na karɓi wayar, na ji Inna tana jan hanci. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Likita. Yau na san inda za ni sa ta."

Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Ya Allah, ga baiwarka Kulu ta zo gare ka. Ta ciyar da 'ya'yan mutane a lokacin da ita ma ba ta da shi, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya zuciyar 'ya'yanta da jikokinta. Ka raya Jumma da ɗanta, ka ba mu damina mai albarka, kada ka sake nuna mana irin waɗancan shekaru.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san ta ba, ina roƙonsa ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. Sunanta Hauwa'u Kulu.