Wuta Ta Ƙifta Biyu

A gidanmu na Sabonjida akwai lantarki, amma Kaka Adiza ba ta yin tatsuniya a ƙarƙashin ƙwan fitila. Da an idar da magariba sai ta ja kujerarta bakin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ni na fi kowa naci, kullum ta gidan inji nake roƙo.

Da 'yan duwatsu take gina mana shi a ƙasa. "Wannan tankin mai ne, a waje yake saboda gobara. Wannan inji, sai ƙato biyu sun juya hannun shi kafin ya yi tari ya tashi. Wannan kuma dainamo, shi ke haihuwan wuta." Sai ta zagaya ɗankwalinta tsakanin duwatsu biyu, shi ne bel mai haɗa inji da dainamo. A baya akwai randar ruwan sanyaya inji, a bango kuma wani mariƙin ƙarfe da ake ja a ba ƙauye wuta ko a ɗauke.

Wai a wani ƙauye bayan Sagnarigu aka yi mai kula da injin. Ƙarfe tara yake kashewa, amma sai ya fara jan mariƙin, wuta ta ƙifta, kowa ya nemi fitilarsa. Shi kuwa sau biyu yake ja. Ta biyun ta matarsa ce, ma'anarta a ɗumama miya. Ran nan daga wurin suna ya wuce aiki, da batakarinsa, wata riga mai faɗi, a jiki. Wuta ta ƙifta biyu, matar ta ɗora tukunya. Ya sunkuya ta kan bel zai kashe inji. Fitilun ƙauye suka yi ja, suka mutu.

"Sai me, Kaka?"

"Sai miya ya ƙone. Ku tashi, an kira isha'i."

Mu yi ta dariyar matar da ta zauna tana kallon ƙofa har tukunya ta kama. Darasin da muka ɗauka bai wuce kada a sa babbar riga kusa da abin da ke juyawa ba. Sai da na fara gemu Baba ya faɗa mini sunan mai injin. Sunana ne, sunan mijin Kaka da aka sa mini. Ashe shi ya sa Kaka ba ta taɓa kirana da shi ba, sai dai Maisuna.

Yanzu tsufa ya cinye ta, ba ta gane kowa. Wutar unguwarmu takan ƙifta kafin ta ɗauke, kuma in ta ƙifta biyu, Kaka za ta dafa bango ta miƙe.

"Malam yana hanya. Ina ashana?"

Sau ɗaya na faɗa mata gaskiya. Ta yi kuka kamar ranar aka shigo da gawar, washegari ta manta, wuta ta sake ƙiftawa. Ban ƙara ba. Abin yana ci mini rai, kuma ba ni da yadda zan yi. Nakan hura mata gawayi, mu zauna tana kallon ƙofa, ni kuma ina juya miyar don kada ta ƙone.