Baba Jibrin, Maɗinkin Ƙwallon Ard al-Liwa

Hantsi na dubawa Baba Jibrin zai buɗe shagonsa a unguwar Ard al-Liwa da ke Alƙahira, ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa, ya goga wa zare kaki, ya jawo basilla. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan yana ɗinkin ƙwallo da takalman 'yan wasa. Bana, 2014, ido ya ce ya gaji.

Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya baro Sakkwato zuwa hajji, ya yada zango a hanya, bai koma ba. Sana'ar kuwa a nan Alƙahira ya koye ta, hannun wani baduku ɗan Italiya mai suna Renzo, wanda ya baro Bologna bayan ƙungiyar garinsu ta ci gasar ƙasa a 1929. Tsohon ba shi da hira sai ta wannan kakar wasa. Yana ɗinki yana jero sunayen 'yan wasan, yana kuka. Kullum baɗi zai koma gida, har ƙasar Masar ta rufe masa ido.

Baba ya haddace sunayen nan tsaf, har yau yakan jero su. Da ɗalibai Hausawa masu karatu a nan suka yi masa dariya, sai ya ce, "Ma'alish, ba komai. Ba ƙwallo Renzo yake wa kuka ba. Ni na san abin da yake wa kuka."

Tijjani, ɗalibi daga Yelwa, shaida ne. Ana saura kwana biyu wasan ƙarshe na gasar ɗalibai takalminsa ya ɓare. A lokacin Baba ba ya ganin kafar basilla, 'yarsa Mahasin ke zura masa zare. Da lalube ya ɗinke shi, ya soki yatsa ya fi sau uku. Ladan da ya nema ɗaya ne: Tijjani ya zauna ya ba shi labarin gida da Hausa, gidan da shi Baba bai taɓa gani ba.

Kai ne gwani na gwanaye, Baba. Kai ne ka riƙe kewar wani amana alhali taka na cin ka. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu sana'a, ga abin koyi.

Ranar da ya rufe shagon, aka tambaye shi me yake so. Ya ce duk ɗalibin da zai dawo daga hutu a gida ya taho masa da jar fatar Sakkwato, wadda mahaifinsa ke yawan yabo.

"Ba sai na gan ta ba," in ji shi. "Hannuna zai gane ta."